Wa ya taɓa kama jarumin fim yana tufka da warwara?

Ɗan Nima:
Salamu alaikum jama'a. Daren Asabar muna shan ataya a ƙofar gida, ƙanena ya kunna mana tsohon Star Wars na 1977 a kwamfutarsa. Da aka zo inda Han Solo, matuƙin jirgin sararin samaniya, ke cika baki cewa jirginsa ya ratsa hanyar Kessel cikin ƙasa da fasek 12, sai yaron ya tsayar da fim ɗin ya ce, "Yaya, mutumin nan shirme yake yi." Wai fasek ma'aunin nisa ne, ba na lokaci ba, guda ɗaya ya kai tafiyar haske ta shekara 3.26. Kamar a tambaye ka awa nawa ka yi zuwa Kumasi ka ce kilomita 200. Muka yi ta gardama har ataya ya huce. Wa irin wannan ta taɓa faruwa da shi, kuma yaya kuka raba gardamar?

Direban Asawase:
Wa alaikumus salam. Ɗan Nima, gaya wa ƙaninka ya zo tasha ya zauna da mu yini ɗaya. Shekarata 14 ina hanyar Kumasi zuwa Accra, kuma direba ba da gudu kaɗai yake alfahari ba. Akwai mai cewa ya san ratsen da zai kauce wa cunkoso ya rage tafiya. Da na kalli fim ɗin Solo na 2018, wanda ya ba da labarin Han, haka suka warware maganar: kowa yana zagayawa nesa saboda haɗari, shi kuwa ya yanke ta kusa da wani ramin sama mai haɗiye komai, tafiyar ta gajarce. A kunnen direba maganar daidai take.

Malama daga Mamobi:
Alhaji direba, bayaninka ya yi daɗi, amma lura cewa shekara 41 aka yi kafin a kawo shi a fim. Wannan faci ne, ko da telan gwani ne. Ni abin da na gani dabam. Na koma wurin sau uku ina kallon fuskar dattijon, Obi-Wan, lokacin da Han ke zuba. Kallon da yake masa irin wanda kakata ke yi wa mai tallan magani a cikin motar haya ta trotro ne, wanda ke cewa ƙullinsa ɗaya na warkar da cuta goma sha biyu. Han bashi ne a wuyansa, ga fasinja biyu, dattijon da saurayi Luke, da yake ganin 'yan ƙauye ne, to ya jefa musu babbar kalma don su biya da tsada. Ban ga kuskure ba, ɗan kasuwa na gani.

Mai gyaran waya a Circle:
Dattijon ma ai ba a bar shi a baya ba. Ya ce bai tuna ya taɓa mallakar wani mutum-mutumi ba, alhali a fim ɗin 1999, wanda ya koma baya zuwa ƙuruciyarsa, tare suke da mutum-mutumin R2-D2 a jirgi guda. Ya kuma ce wa Luke wai Darth Vader ne ya ci amanar ubansa ya kashe shi, sai ga fim ɗin 1980 ya tona cewa Vader ɗin shi ne uban. A shagonmu mun yanke hukunci: ta farko ya tsira, tunda ba nasa ba ne. Ta biyu ƙarya ce, ko da ya zo a 1983 yana cewa ta wata fuska gaskiya ya faɗa.

Hajiya ta Aboabo:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ko da jikokina ne suka koya mini kallon nan. Wurin da ya tsaya mini shi ne a fim ɗin 1983, inda Luke ya tambayi Leia, 'yar'uwarsa da aka haife su tagwaye, ko tana tuna mahaifiyarta ta asali. Ta ce kaɗan-kaɗan, kyakkyawa ce, mai kirki, amma cikin baƙin ciki take. Jikana ya yi tsalle ya ce ba zai yiwu ba, don a na 2005, wanda shi ma ya koma baya, uwar ta rasu tana gama haihuwarsu. Na ce masa zauna.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta rasu ban kai wata biyar ba. Amma in ka tambaye ni yau, zan ce maka doguwa ce, tana da wushirya, tana waƙa in tana dama koko da asuba. Har zanen da take ɗaurawa ina gani, shuɗi mai ɗigon fari. Sai da na yi aure goggona ta buɗe wata tsohuwar kwalla ta fito da zanen, ta ce a cikinsa ta goya ni shekara biyu. Wushiryar ma ta goggon ce. Duk abin da nake ce wa tuni, labarin da ta riƙa ba ni ne ina kwance a bayanta. Da yarinyar nan Leia ta yi maganarta ban ji saɓani ba, marainiya na ji.

Malama daga Mamobi:
Allah ya jiƙan Inna, Hajiya. Kin sa na ajiye waya na yi shiru.

Ɗalibin Fadama:
Amin. Hajiya, ki gafarce ni, ba musu nake da ke ba, amma a ganina George Lucas, wanda ya ƙirƙiro Star Wars, bai riga ya tsara mutuwar uwar ba a 1983, shekara 22 ce tsakani. Na yarda dai fassararki ta fi tasa. Tawa gogewar ta juye ce: na yi wa fim ɗin Interstellar na 2014 dariya da suka ce awa ɗaya a wata duniya da ke kusa da ramin sama shekara bakwai ce a nan. Malaminmu na fiziks ya kira ni gaban allo ya nuna mini yadda ƙarfin jan ramin sama ke rage gudun lokaci, ya ce masanin da ya ba su shawara, Kip Thorne, ya ci kyautar Nobel a 2017. Na koma kujerata ba baki.

Ɗan Nima:
Na karanta wa ƙanena duka. Ya yarda da Hajiya, ya yarda da Malama rabi, amma ya ce a gaya wa Alhaji direba ranar da zai kai shi Kumasi cikin kilomita 200 shi zai biya kuɗin mai.

Direban Asawase:
Ya zo da kuɗin ranar Juma'a bayan masallaci, kujerar gaba tasa ce.