Yaya Tinariwen suka fito daga sahara har suka ci Grammy?

Ɗan Tasha: Jama'a, sallama. Direban da ke ɗauko mana kaya daga Agadez kullum kiɗan Tinariwen yake sawa, har ya kama ni. Wai da gaske waɗannan Buzayen sun ci Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka? Ina suka faro?

Mai Shayi: Da gaske ne, a 2012, da kundinsu Tassili da suka naɗa a kudancin Aljeriya. Asalinsu 'yan arewacin Mali ne, yankin Kidal. Jagoransu Ibrahim Ag Alhabib yana yaro aka kashe mahaifinsa lokacin tawayen Buzaye na 1963. A gudun hijira suka haɗu, a garin Tamanrasset na Aljeriya, daga baya wasunsu suka shiga sansanonin sojan Gaddafi a Libiya. Kaset ɗinsu hannu da hannu yake yawo, ba kanti ba kamfani.

Hajiya Zinder: Ɗana, ƙara da cewa mawaƙan Faransa na ƙungiyar Lo'Jo ne suka ja su Turai, tare aka shirya bikin kiɗan sahara na farko a 2001. A 2010 kuma sun yi wasa a Afirka ta Kudu wajen buɗe gasar cin kofin duniya. Ni dai tsofaffin waƙoƙin sun fi min daɗi, da tafi da guɗar mata irin ta tende, kiɗan gargajiyar Buzaye. Na yanzu Turawa sun yi musu yawa.

Ɗan Tasha: Hajiya, ai sai da na yi dariya. To Bombino na Agadez fa, cikinsu yake?

Mai Shayi: A'a, shi daban yake, amma jitarsa a kan hanyarsu ta taso.