Wa Ya Riga Ganin Rana?

Ɗan Yerwa:
Mu a Yerwa muke fara ganin rana,
Na Sakkwato na cikin bargo yana kwana.
Mun sha ruwa, mun ci ƙosai har mun ƙoshi,
Minti talatin kuna jira, ciki na ƙuna.

Basakkwace:
Babarbare, sannu da ɗokin cikinka,
Ka riga ni buɗa baki, ina ribarka?
Alfijir ma shi ya fara kama ka,
Ina cin sahur, ladan ya riga ya hana ka.

Yar Gobir: Allah ya ja zamanin Basakkwace! Ɗangon ƙarshen nan ya gama magana.

Malam Na Lissafi: Duk ku biyun kuna da gaskiya. Duniya na juya digiri 15 a awa guda, wato minti 4 kowane digiri. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato kusan digiri 8 ne, ga rabin awarku nan, alhali agogonku ɗaya.

Baƙon Turomso:
Kuna ta faɗa a kan rabin awa,
Ku zo Turomso, arewacin Norwe, ku ga ikon Mai kowa.
Daga Mayu har Yuli rana ba faɗuwa,
Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta fitowa.
Azumin 2015 a Yuni ya same mu,
Lokacin Makka muka bi wurin shan ruwa.

Basakkwace: Ɗan'uwa, ɗangonka na huɗu ya yi tsawon yinin garinku. Kari ya karye.

Baƙon Turomso: Yaya, kai ma "ladan ya riga ya hana ka" ya fi 'yan'uwansa gaɓa. Ƙirga ka gani.

Yar Gobir: A rera shi mana, ai da kunne ake auna waƙa. Nasa ya zauna daram, naka sai an ja numfashi sau biyu.

Malam Na Lissafi: Ku bar ni in faɗi dalilin karkatar duniya da digiri 23 da rabi...

Yar Gobir: Malam, a baiti ko a bari.

Ɗan Yerwa: Afuwa, caji ya ƙare mini tun jiya.
Bafillace, ka ce asuba ta kama ni,
Sahun farko a masallaci ta same ni.
Na idar, na yi lazimi, na kai kasuwa,
Kai kana lalubar buta, ka ce ka fi ni?