Jirgina yana nauyin tashi a Ngaundare, kafireta ce ko farfela?

Assalamu alaikum, masana injin jirgi.

Ina da ƙaramin jirgi mai kujera 2 da na harhaɗa da kaina, injinsa na mota ne mai silinda 4, ba shi da turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska). A Garwa lafiya lau yake tashi. A Ngaundare, da ke kan tudun Adamawa wajen mita 1,100 sama da teku, sai ya cinye titi mai yawa kafin taya ta bar ƙasa, hawan ma da ƙyar. Da rana abin ya fi muni. Juyin injin yana sauka daga 3,200 zuwa 2,900 a minti ɗaya, fulogi kuma baƙi ƙirin da kunkunniya.

Na san iskar tudu ba ta da kauri, injin yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Amma baƙin fulogin ya nuna mai ya fi iska yawa. Na wanke matatar iska, na sauya fulogi, na rage kaya, na koma tashin asuba. Sauƙin kaɗan ne. Kafiretar ba ta da abin rage mai daga kujerar matuƙi, kuma ina tsoron in sa ƙaramin jet (ƴar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta) injin ya yi zafi idan na koma Garwa.

Shin jet zan rage, ko kusurwar farfela zan fara sassautawa?