Wane suna za mu ba gizo-gizon da Turawa ke kira lynx spider?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kishin harshe. Muna shirya takardar wayar da kai ga masu lambun alayyafo da latas a yankin Ojo da ke nan Legas, sai muka tsaya cak a kan wannan suna.

Ga bayanin halittar tukuna. Dangi ne na gizo-gizo da masana suka sa wa suna Oxyopidae. Ba ya saƙa yana don kamun abinci; laɓewa yake yi a kan ganye ko fure, idan ƙwaro ya matso sai ya daka tsalle ya cafke shi. Idanunsa 8, ƙafafunsa dogaye ne cike da gashi mai tsini kamar ƙaya. A gonakin auduga da waken suya na Amurka an san Oxyopes salticus da cin ƙananan tsutsotsi da ƙwarin da ke tsotse ruwan shuka, haka kuma Oxyopes javanus a gonakin shinkafa na Asiya. Sai dai ba ya tantance abokin manomi da maƙiyinsa, domin kore daga cikinsu, Peucetia viridans, har ƙudan zuma yake kamawa.

Wani malami ya kawo shawarar "gizon kyanwar daji", tunda lynx nau'in kyanwar daji ce. Malam, ina ganin girmanka, amma Bahaushen da ya ji wannan zai zaci ƙwaro ne da ke maƙale a jikin kyanwa, kamar kaska. "Gizo mai tsalle" kuwa ya fi dacewa da dangin Salticidae, waɗanda muke gani a jikin bango. "Gizo mafarauci" ya yi faɗi, domin gizo-gizon da ke farauta ba tare da yana ba suna da yawa. "Tautau" ma ba zai yi ba, tunda sunan yana tafe da tsoron ƙuraje, mai lambu zai murƙushe shi nan take.

Ni dai na tsaya a kan "gizo mai ƙaya", saboda ƙayar ƙafar ita ce alamar da manomi zai gani da idonsa kafin ya ɗauki kwalbar feshi, kuma maganin da ke kashe tsutsa yakan haɗa da shi. Idan akwai wanda ya taɓa jin sunan da iyayenmu suke kiransa da shi a gonakin auduga na Funtuwa ko Gusau, ya taimaka ya kawo, mu ajiye namu mu ɗauki nasu.