Me ya sa jam'iyyar gwamna kaɗai ke cin zaɓen ƙananan hukumomi?

Malamin Firamare ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon waɗanda suka san aikin gwamnati ko shari'a su amsa mini tsakani da Allah. Akwai hanyar da hukumar zaɓe ta jiha za ta fita daga hannun gwamna, ko kuwa gara a rushe ta a miƙa wa INEC aikin?

Ga abin da ya tayar mini da maganar. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce kuɗin ƙananan hukumomi 774 su riƙa shiga hannunsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi. Mun yi murna ƙwarai a ɗakin malamai, domin albashinmu daga kason ƙaramar hukuma yake fitowa. Sai gwamnoni suka shiga rige-rigen shirya zaɓe. A Bauchi PDP ta kwashe kujerun ciyaman 20 duka, a Zamfara ta kwashe 14. A Sakkwato da Kaduna APC ta ɗauke 23-23, a Jigawa 27. Na Kano ne ya fi tsaya mini a rai. A watan Janairun 2021 APC ta cinye ciyamomi 44 da kansiloli 484, ba ta bar ko ɗaya ba. A watan Oktoban 2024 NNPP ta cinye 44 da 484 ɗin nan, ita ma ba ta bar ko ɗaya ba. Jihar da a zaɓen gwamna na 2023 wanda ya zo na biyu ya samu ƙuri'a sama da 890,000, a ce babu mazaɓa ɗaya tak da ta fita daga layi?

Ni kaina na taɓa yin malamin zaɓe a irin wannan zaɓen a jiharmu. Tun da sassafe muna rumfa, kaya ba su iso ba sai bayan azahar. Ga akwati, ga ƙuri'u, ga tawada, babu takardar rubuta sakamako. Na tambayi wanda ya kawo kayan, ya ce a sakatariya za a cike. Tsofaffin da suka wuni a rana suka dangwala, muka ƙirga a gaban kowa, na rubuta adadin a bayan wata takarda don kada ya ɓace. A akwatina ɗan takarar kansila na adawa ne ya yi rinjaye. Na san akwati ɗaya ba ya yanke zaɓe. Amma muna cikin mota, akwatunan mazaɓarmu suna kan cinyoyinmu ba mu kai su ba, direba ya kunna rediyo muka ji ana sanar da wanda ya ci. Babu wanda ya tambaye ni takardar nan har yau.

Abin da ke ci mini rai shi ne mutanen unguwa ni suka gani a kan tebur. Iyayen ɗalibaina ne. Don amanar da suka ba ni suka tsaya a layi.

Tsohon Darakta ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi abin da ka gani. Na yi aikin gwamnatin jiha har na yi ritaya, bari in gaya maka inda igiyar take.

Sashe na 197 na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓe: shugaba ɗaya da kwamishinoni biyar zuwa bakwai. Sashe na 198 ya ce gwamna ne zai naɗa su, majalisar dokokin jiha ta tabbatar. A takarda suna da kariya, domin wa'adinsu shekara biyar ne, kuma ba a tsige su sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisa. To amma wace majalisa? Yawancin 'yan majalisar nan da hannun gwamna suka samu tikiti. Ranar da ya so a tabbatar, kafin la'asar an tabbatar. Ranar da sabon gwamna ya so a sallami na tsohuwar gwamnati, hanya ba ta wuya.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi naɗin ma ƙarfi. Tun gyaran 2010 kuɗin INEC kai tsaye suke fita daga asusun tarayya. Hukumar jiha kuwa takarda take rubutawa zuwa gidan gwamnati, ta zauna jira. Kuɗin buga ƙuri'a, man mota, alawus ɗinku na malaman zaɓe, duk sai mutum ɗaya ya sa hannu. Har ranar zaɓen ma ba ta tsayuwa sai ya ga lokacin ya yi masa daidai.

Wani abu da na waje ba ya gani: ba a ba da irin wannan umarni a rubuce. Waya ce ake bugowa da dare, a ce daga sama ne. Wani lokaci ma ba a bugowa, jami'i da kansa ya san abin da ake so. Na san wani abokin aikinmu, mutum mai tsoron Allah, da ya ƙi sa hannu a kan wata takarda a lokacin zaɓe. Ba a kore shi ba, ba a ba shi takardar tuhuma ba. An dai mayar da shi wani ofishi da babu aiki a cikinsa, ƙarin girmansa ya tsaya cak, yaran da ya koya wa aiki suka wuce shi. Kowa a ma'aikatar ya gani, kowa ya ɗauki darasi. Ba a sake buƙatar tsoratar da wani ba.

Ina tuna zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 1998, zamanin Janar Abdussalami. INEC ce ta yi shi a ƙasa baki ɗaya, lokacin babu gwamnan farar hula ko ɗaya. PDP ta ci, APP ta ci, AD ta ci, a jiha guda sai ka ga an raba. Ban sake ganin irinsa ba.

Sakataren Mazaɓa ya amsa:

Baba Darakta, da girmamawa, ban musa maka ba, amma a yi mana adalci. Ni ɗan jam'iyya ne, ba na ɓoyewa. Sau da yawa 'yan adawa ba sa shiga zaɓen nan. A Kano babbar jam'iyyar adawa ƙauracewa ta yi a 2021, haka wadda ta koma adawa ta yi a 2024. Wanda bai tsayar da ɗan takara ba, ta yaya zai ci? A wurinmu ko wakili ba su turo rumfa ba.

Sannan masu cewa a ba INEC, kun manta Adamawa? Ranar 16 ga Afrilun 2023 kwamishinan INEC na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya shiga zauren tattara sakamako ya ayyana Sanata Aishatu Binani a matsayin wadda ta ci gwamna, alhali ba a gama tattarawa ba, kuma ba shi ne baturen zaɓe ba. Sai da hedikwata ta soke, aka bayyana Fintiri bayan kwana biyu. Kun manta a 2020 Shugaba Buhari ya aika sunan hadimarsa Lauretta Onochie don ta zama kwamishinar INEC ta ƙasa? Sai da aka yi ta kururuwa kafin Majalisar Dattawa ta ƙi ta a Yulin 2021, kuma dalilin da suka bayar shi ne jiharta ta Delta tana da wakilci a hukumar. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban INEC da kwamishinoninta. Yanzu gwamnoni 36 ne, jam'iyyunsu daban-daban. In kuka tattara komai a Abuja, mutum ɗaya kuka miƙa wa 774.

Lauya Mai Koyon Aiki ta amsa:

Yaya Sakatare, maganarka a kan INEC tana da nauyi. Amma batun ƙauracewa, ka tambayi dalili. A 2024 hukumar zaɓen Kano ta fara sanya naira miliyan 10 kuɗin takarar ciyaman, miliyan 5 na kansila, har sai da maganar ta je kotu. Wa zai zuba wannan kuɗi a zaɓen da ya san ƙarshensa? Kuma kwanaki kaɗan kafin zaɓen, babbar kotun tarayya a Kano, ƙarƙashin Mai Shari'a Simon Amobeda, ta ce shugaban hukumar da wasu kwamishinoninsa ba su cancanta ba saboda 'yan jam'iyya mai mulki ne, abin da kundin tsarin mulki ya hana. Babbar kotun jiha kuma ta ce a ci gaba, aka yi zaɓe. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta jingine hukuncin farko a kan cewa kotun tarayya ba ta da hurumi. Wato maganar ta ƙare a kan wace kotu ce ke da ikon saurare.

Malam, ga misali biyu da suka taimake ni tunani. Abuja ce kaɗai INEC ke yi wa zaɓen ƙananan hukumomi. A Fabrairun 2022, APC na mulkin ƙasa, aka raba ƙananan hukumomin Abuja shida uku-uku, PDP ta ɗauki Bwari da Kuje da ta cikin birni. Na biyu Kaduna. A 2018 aka kawo zaɓe da na'ura, PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi, a 2021 ma ta ci, har a rumfar da Gwamna El-Rufai ya kaɗa ƙuri'a ta yi rinjaye. A 2024 aka koma ƙuri'ar takarda, 23 suka tafi wuri ɗaya. Hukumar jiha ce duka ta yi waɗannan zaɓuɓɓuka. Ke nan tana iyawa idan an ƙyale ta, kuma ƙyalewar tana hannun mutum ɗaya.

Maganin ba sabo ba ne. Marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya amsa da bakinsa cewa zaɓen 2007 yana da naƙasu, ya kafa kwamitin marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Rahotonsu na Disambar 2008 ya ce a cire naɗin shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa: Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa ta tallata kujerar, ta tace, ta fitar da mutum uku, sannan a zaɓi ɗaya Majalisar Dattawa ta tabbatar. Wannan shawarar ce gwamnati ta ajiye gefe. Kuma duk gyaran da zai taɓa hukumomin jiha sai majalisun jihohi 24 sun amince. Ka ga inda gizo ke saƙar.

Ungozoma ta amsa:

Ni ban san sashe-sashe ba, abin da na sani shi ne asibitinmu na karkara. Rufin ɗakin haihuwa yana yoyo, firjin rigakafi ya lalace. Mun haɗu da matan gari da mai unguwa muka je wurin ciyaman. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce mu yi haƙuri, ko buhun siminti ba ya iya saye sai an amince daga babban birni. Na yarda da shi. Ba mu muka ɗora shi ba, ba mu za mu sauke shi ba, don me zai ji tsoronmu fiye da wanda ya ba shi kujerar?

Kuma abin ya gangaro har kanmu. Da aka zo ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, wata yarinya da ta gama makarantar koyon aikin lafiya, ta daɗe tana taya mu kyauta, ba ta samu ba. Jerin sunaye daga ofishin jam'iyya ya zo. Cikin waɗanda aka turo akwai wadda ba ta iya auna hawan jini ba. Mace mai naƙuda ba ruwanta da tutar kowa, hannun da ya iya take nema.

Malamin Firamare ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Baba Darakta, bayanin kuɗin nan ya warware mini abin da ya daɗe yana damuna. Hajiya Ungozoma, Allah ya ba ku lada, irin jerin sunayen nan mu ma yana zuwa mana lokacin ɗaukar malamai.

Ɗan'uwa Sakatare, na ji tsoronka game da Abuja, kuma ba na cewa INEC tsarkakakkiya ce. Amma a Adamawa an samu wanda ya ce wa kwamishina a'a, aka soke abin da ya yi a ranar. A zaɓen da na yi aiki babu wanda zan kai wa ƙara, domin mai naɗa hukumar da mai biyanta da mai cin moriyar sakamakon duk mutum ɗaya ne. Ga ra'ayina: a ba INEC zaɓen, amma tare da gyaran Uwais a kan naɗi, kada a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. In gwamnoni sun toshe wannan, to aƙalla doka ta wajabta rubuta sakamako da liƙa shi a kowace rumfa kafin akwati ya motsa, kuma kuɗin hukumar su daina biyowa ta teburin gwamna.

Malama Lauya, wata tambayar kuma. Idan majalisar jiharmu ta kira jin ra'ayin jama'a a kan gyaran dokar zaɓen ƙananan hukumomi, malamin da ke karɓar albashin gwamnati yana da damar miƙa takarda da sunansa, ko dokar aiki ta hana? In ta hana, ƙungiyarmu ta malamai za ta iya miƙawa a madadinmu? Akwai abokan aikina da suka ga irin abin da na gani, kuma sun ce za su sa hannu.