Irin filasko: furotin ya ƙi nuna bambanci, ku taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ya rage in miƙa aikina, hankalina a tashe yake. Ina binciken yadda furotin ke sauyawa a irin filasko idan an karya barcinsa, wato halin da ke hana iri tsirowa. Na kasa shi uku: wanda ban taɓa ba, na ruwan zafi, da wanda ya yi minti 30 a asid ɗin salfa. Na daka har da ɓawo, na ciro furotin da ruwan sinadarin Tris, na zuba a jel ɗin SDS-PAGE mai kashi 12, wanda ke rarraba furotin layi-layi bisa girmansa. Ruwan ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, layukan sun dame, duka ukun kama ɗaya. Ina kuskuren?

Malamin tsirrai: Ƙanwata, awa nawa da jiƙawa kika ɗebi samfur? Ba ki faɗa ba. Barcin filasko a ɓawo yake, ruwa ne ba ya shiga. Asid ƙofa kawai ya buɗe, busasshen iri kuwa ba ya ƙera sabon furotin. Ba kamar irin tsiron magani jinsen ba, wanda ɗan tayinsa ke buƙatar kusan wata uku na ɗumi, uku na sanyi, ABA (sinadarin da ke riƙe barcin iri) na raguwa, jibarelin (mai sa tsirowa) na ƙaruwa. Ki ɗiba a awa 0, 12, 24 da 48.

Mai kula da lab: Yauƙin nan ƙaro ne na galaktomanan da ke kewaye da tayin. Cire ɓawo da fatar da ke ɗauke da ƙaron, ki niƙa tayin kaɗai. Zuba TCA (asid mai sa furotin ya kwanta) kashi 10 cikin asiton mai sanyi, ya kwana a firiza a digiri -20, ki wanke sau uku. Auna yawan furotin da gwajin Bradford, maikrogiram 20 kowane rami. Amma da wutar nan tamu, firiza na narkewa enzayim zai cinye furotin.

Wata ɗaliba: TCA na barin gari mai wuyar narkewa. Hanyar ciro furotin da sinadarin finol ta fi raba ƙaro.

Mai tambaya: Nan take na ɗiba, Malam, haka aka amince a tsarin aikin. Kuma na asid ya tsiro, ai barcin ya karye.

Malamin tsirrai: Ya karye, amma duk sauyin da za ki gani na tsirowa ne. Furotin ɗin ajiya ma zai rufe ƙananan layuka. Gyara taken aikin.

Mai tambaya: Taken ba zai taɓu ba yanzu, kuma finol babu a lab ɗinmu. Idan na ƙara asid zuwa awa ɗaya fa?