Fanka a jikin injin babur: magani ce ko kwalliya?

Mai Jan Babur: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake. Wata uku ke nan da na ɗaura wa babur ɗina 'yar fanka mai aiki da batir a gefen silinda, domin duk sanda na faɗa gosulo sai injin ya ɗau zafi har ya riƙa gasa mini ƙwauri, ƙarfinsa ya ragu, ya soma wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Tun da na sa ta ban ƙara jin ƙarar ba. Ɗazu na je juyen baƙin mai, makaniken ya dubi fankar ya ce wai kwalliya ce, ana ta dariya a gaban jama'a. To ni na faɗa, kowa ya ji: duk injin da ba shi da lagireto yana bukatar fanka, makanikan gargajiya ne kawai ba su san haka ba.

Tsohon Makanike: Wa alaikumus salam. Yaro, su wane ne makanikan gargajiya? Fara gaya mana wannan tukuna.

Mai Jan Babur: Baba, ban ambaci sunan kowa ba.

Tsohon Makanike: Ka ambaci sunanmu duka. Gargajiyar da ka raina ita ke riƙe da babur ɗinka. Honda ta fito da Super Cub a 1958, zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100, iska ce ke sanyaya injinsa, babu fanka a rataye a jikinsa. Waɗancan haƙarƙarin da ke jikin silinda aikinsu ke nan, su shimfiɗa zafi iska ta kwashe. Su ma injiniyoyin Japan 'yan gargajiya ne?

Mai Haɗa Waya: Baba, a yi haƙuri, amma haƙarƙarin sai da iska suke aiki. Babur na tsaye, injin na silo, wace iska ce ke wucewa? Ai shi ya sa Vespa ke da fanka, janaretan gida ma haka, tsohuwar Volkswagen ma haka.

Sarkin Sufana: Ka zo da misalin da zai kayar da kai. Fankar Vespa a jikin injin take, shi ke juya ta, kuma an rufe silindar da murfi yana tilasta wa iska bin tsakanin haƙarƙarin ta ko'ina. Taku kuwa ɗaure take da waya a gefe guda, tana hura wa rabin silinda, rabin iskar ma na tafiya a banza. Kuma ni ma ina nan a kan tambayar Baba. Gargajiya fa aka ce mana.

Direban Dare: Ni ban ga zagi a kalmar ba wallahi. Gargajiya ai abin da aka gada ne.

Sarkin Sufana: Idan abin yabo ne me ya sa ya haɗa ta da "ba su sani ba"? Kai dai kullum kana bayan masu babur, ko da su suka kashe injinsu da hannunsu.

Direban Dare: Kai kuma kullum kana bayan ogan da ya yaye ka.

Mai Haɗa Waya: Jama'a mu dawo kan fanka.

Tsohon Makanike: Za mu dawo idan ya janye. Shekaruna nawa ina buɗe injin da ya yi nokin, kusan kullum abu uku nake tararwa: baƙin mai ya ƙare ko ya tsinke ya zama ruwa, laka ta toshe haƙarƙari, ko an matse kafireto don tsimin fetur. Injin da iska ta yi wa yawa fetur ya yi kaɗan dole ya yi zafi, ciro fulogi za ka gan shi fari fat. Wannan ƙarar tsakuwa da kake ji, fetur ne ke fashewa ba a kan ƙa'ida ba. Ka rufe ta da fanka, ciwon na nan a ciki. Wanda ya san wannan shi ne na gargajiya?

Mai Jan Babur: Fulogina lafiya lau yake, Baba.

Sarkin Sufana: Wa ya duba maka? Mai sayar da fankar?

Mai Manyan Babura: Ku kuna ta faɗa a kan ƙananan injina. Ku je ku ga Harley-Davidson, babban babur mai silinda biyu. Silindar baya ta fi ta gaba zafi domin ta gaba ta tare mata iska, har kamfanin ya sa wa wasu samfuransa tsarin da ke yanke wa ta bayan fetur idan babur ya daɗe a tsaye. Masu irinsa da yawa suna ƙara fanka, ba wanda ya ce kwalliya suke yi.

Direban Dare: Alhaji, a zauren nan wa ke hawa Harley? Kullum sai ka kawo mana shi.

Mai Manyan Babura: Ba hawa ake tambaya ba, hujja ake tambaya. BMW ma a 2013 ta sa wa R1200GS ruwa a kan silinda. Me ya kai ta, in iska ta wadatar?

Sarkin Sufana: Ruwa ta sa, ba fankar kwamfuta ba. Suzuki kuma a 1985 da baƙin mai ta sanyaya GSX-R750. In ana son gyara na gaskiya a sa ɗan lagireton baƙin mai. Kuma injin 1200cc ba sa'an 125cc ba ne, zafin da suke fitarwa ba ɗaya ba.

Mai Manyan Babura: Wato ƙaramin babur ba ya nokin ke nan?

Direban Dare: Ka ji raini. Ƙaramin nan shi ke wuni yana aiki, naka yana lulluɓe a gareji.

Mai Haɗa Waya: Bari in faɗi abin da ya shafi sana'ata, ko da ba mai saurare. Fankar da ke jan amfiya 3 a batir mai bolt 12 wat 36 take ci, kusan daidai da ƙwan fitilar gaba mai wat 35. A silo koyil ɗin da ke cajin batirin ƙaramin babur ba ya bayar da wuta sosai, to lokacin da ake bukatar fankar shi ne lokacin da batir ke shan wahala. A sa mata fiyus, a haɗa ta bayan makulli don ta mutu tare da inji, kuma kada a kafa ta a gaban silinda, domin a kan gudu sai ta tare iskar da ta fi tata yawa. Mai Jan Babur, taka amfiya nawa ce?

Mai Jan Babur: Ban duba ba, Oga. Amma na taɓa injin da hannu, akwai bambanci.

Tsohon Makanike: Da hannu! Mu da ake kira 'yan gargajiya ma muna da na'urar auna zafi.

Mai Jan Babur: Baba, na ga dai kalmar nan ta tsaya maka a wuya. Ni ma "kwalliya" ta tsaya mini, kuma ba wanda ya ce a ba ni haƙuri.

Mai Kula da Zaure: To, ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta daga muhawarar nan: an tabbatar fankar nan ba ta da wani amfani, batir kawai take ci, kamar yadda Mai Haɗa Waya ya yi bayani. Maganin zafi shi ne juyen baƙin mai a kan lokaci, wanke haƙarƙari, da kai kafireto wurin makanike ya saita. Batun Harley bai shafe mu ba. Mai Jan Babur zai nemi afuwar Baba da sauran mu masu sana'a kafin ya sake yin rubutu a nan.

Mai Haɗa Waya: Yallaɓai, ni ban ce ba ta da amfani ba. Cewa na yi a sa mata fiyus.